Kafin Ka Ce "A Yi Mata Fomat", Tsaya Ka Kwashe Kayan Aikinka



Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare daga nan Nasarawan Doya zuwa Maƙarfi, Ikara da Hunƙuyi. Da zarar kwamfuta ta fara nauyi ko ta ƙi tashi, sai a ɗauke ta a kai Zariya, mai gyara ya kalle ta minti biyu ya ce, "Sai dai a yi mata fomat." Mai ita kuma ya ce to, tamkar likita ne ya yi magana. Ni a ganina wannan sakaci ne, kuma laifin ya fi yawa a wuyan marubuci.

Da yawanmu muna zaton in an kwafe mana labaranmu a filas, shi ke nan an tsira. Ba haka ba ne. Kwamfutar marubucin Hausa ba irin ta kowa ba ce, domin ita ba da Hausa aka haife ta ba, kai ne ka koya mata. Kai ka saka allon rubutu mai ƙ, ɗ da ɓ. Kai ka yi ta cusa wa ƙamusun Word kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya daina ja maka jan layi a ƙarƙashin kowace jimla. Kai ka hana shi sauya maka kalmomin Hausa zuwa na Turanci da sunan gyara. Kai ka tsara girman shafi da tazarar layi yadda maɗaba'a take so. Wannan aikin watanni ne, kuma ba ya cikin jakar da ake kwafewa.

Ko ita kanta Windows, in za ta mayar da kanta sabuwa, tana ba da zaɓi biyu: a goge komai, ko a bar maka fayilolinka. To, zaɓi na biyun ma takardu da hotuna yake bari, amma yana cire manhajojin da ka saka, ya mayar da saituna yadda suka zo daga kamfani. Ƙamusunka da samfurin shafinka suna cikin wata ɓoyayyar jaka mai suna AppData, wadda mai gyara da ke sauri ba zai leƙa ba sai ka ce masa.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Kafin haruffanmu masu ƙugiya su samu gindin zama a tsarin Unicode da kowace na'ura ke ganewa, an yi amfani da salon haruffa na musamman irin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Ya yi wa Hausa babbar hidima, amma yadda yake aiki shi ne a ari wasu alamomi na allon rubutu a ɗora musu ƙugiya. In aka goge kwamfuta ba a mayar da salon ba, sai ka buɗe littafinka ka tarar da baka-biyu da sanduna a inda ƙ da ɗ suke. Duk wanda ya gaji tsohon rubutu daga malaminsa ko maɗaba'a, wannan tarkon na jiransa.

Za a ce, ai wani lokaci ƙwayar cuta ce ta cinye kwamfutar, ba makawa sai an goge. Gaskiya ne. Ba gogewar nake yaƙa ba, gogewa ido rufe nake yaƙa. Mai gyara kuɗin aikinsa yake nema, ga layi na jiransa, bai san bambancin "kasa" da "ƙasa" a babi na bakwai na littafinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa tun da Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, wadda ita ce a kan yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu. Kowa za a ce masa ya sauya.

Saboda haka, kafin ka miƙa kwamfutarka:

1. Kwafe rubuce-rubucenka wuri biyu: filas, da kuma imel ko Google Drive. Buɗe su a wata na'ura ka tabbata suna karantuwa.
2. Sa a buɗe maka AppData a kwafe CUSTOM.DIC, wato ƙamusunka, da Normal.dotm, wato samfurin shafinka.
3. Ajiye salon haruffan da ka saka da hannunka.
4. Rubuta sunayen manhajojinka da kalmomin sirrinka a littafi, ka bar shi a gida.
5. Tambayi mai gyara wace hanya zai bi, kuma ko akwai wadda ba sai an goge komai ba.

Masu rubutu a waya, ku ma kafin a yi mata filashin ku fitar da abin da ke cikin WPS.

Manomin rake a Maƙarfi ba ya sayar da gona kaf ya manta da iri. Mu ma mu riƙe namu. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.