Matuƙi a kurkuku, kamfani a kan teku

Daren 13 ga Janairu 2012, jirgin ruwan yawon shaƙatawa Costa Concordia, ɗauke da mutum sama da 4.200, ya bugi dutse dab da tsibirin Jiliyo na ƙasar Italiya. Rayuka 32 suka salwanta. Matuƙin jirgin, Francesco Schettino, wanda ya tsere tun fasinjoji na ciki, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 16 a 2015. Hukuncin ya dace da shi.

To, amma ina alhakin kamfanin Costa Crociere? Shi ya damƙa wa wannan mutum jirgi, shi ya horar da ma'aikatan, kuma jami'insa na magana da matuƙin ta wayar tarho a daren, yayin da aka share fiye da awa guda ba a ba da umurnin ficewa ba. A 2013 kamfanin ya sasanta da masu gabatar da ƙara, ya biya tarar Yuro miliyan 1, kimanin sefa miliyan 656, ya kuɓuta daga shari'ar laifi. Abin bai tsaya nan ba: kotu ta karɓe shi cikin sahun waɗanda aka cuta, wai don ya yi asarar jirgi!