TSUFAN BABUR BA LAIFI BA NE

Bisa ga ƙa'idar hanya ta ƙasar nan, abin hawa mai inji yana bukatar takardar shaidar lafiya, wadda ma'aikatan duba motoci na jihohi, watau V.I.O., ke bayarwa, ana kuma sabunta ta tare da sauran takardu idan shekara ta kewayo. Manufar wannan ƙa'ida mai kyau ce, domin tsare rayukan jama'a. Amma akwai waɗanda gabansu ke faɗuwa duk lokacin da aka ambaci maganar, su ne masu tsofaffin ƙananan babura, irin su Honda 50 da 70 da 90, da ƙananan Yamaha da Suzuki, da 'yan roba-roba da suka kwana biyu. Ya kamata hukuma ta dubi lamarinsu da idon basira.

Masu irin waɗannan babura ba attajirai ba ne. Malamin firamare ne mai zuwa makarantar ƙauye, da manomi mai kai buhu kasuwa, da masinja, da mai gadi, da dattijon da ya yi ritaya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mai ya ninka, sabon babur kuma ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka baburan da aka jingine a zaure shekara da shekaru sun sake fitowa titi, don ba su da shan mai. Wanda aka raba shi da irin wannan babur, an raba shi da hanyar abincinsa ke nan.

Abin tambaya shi ne, shin tsufa kaɗai ya isa ya kayar da babur a wajen duba? Duk bakaniken da ya san aikinsa zai ce bai isa ba. Kamfanin Honda ya fara ƙera samfurin Super Cub a 1958, ya zuwa 2017 kuwa ya ƙera miliyan 100, da yawa daga cikin na farkon suna nan suna aiki. Injinsu ba shi da sarƙaƙiya. Abin da ke kayar da su ƙananan abubuwa ne da mai shi ya yi wa sakaci. Fitilar gaba takan dushe, musamman a masu wuta bolt 6, in inji ba ya gudu. Fitilar birki takan mutu don kwai ya ƙone ko waya ta tsinke. Birki yakan yi nisa don takalminsa ya cinye. Sarƙa takan saki, haƙoran da take hawa su yi tsini. Taya takan tsattsage don daɗewa ko da zanenta bai goge ba. Wuyan babur yakan yi girgiɗi, salansa ta huje. Duk waɗannan aikin yini guda ne a gareji. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne ƙashin jikin babur idan tsatsa ta ci shi ko ya tsage, kuma irin wannan lalle bai cancanci hawa titi ba.

Akwai abin koyi a ƙasar Ingila, inda aka fara dubawar da suke kira M.O.T. a 1960. A can, babur da ya kai shekara 3 sai an duba shi kowace shekara, an kuma ware ƙanana waɗanda injinsu bai wuce cc 200 ba a aji na ɗaya. Ana duba fitilu, da birki, da taya, da kan babur, da sarƙa, da totur, da ƙaho, da salansa, da lamba. Abin lura shi ne ana auna babur da ƙa'idar zamanin da aka yi shi. Alal misali, wanda aka fara hawa kafin 1 ga Agusta 1986 ba a tilasta masa sigina. Tun watan Mayu 2018 ma an ɗauke wa galibin abin hawa da ya haura shekara 40 wannan dubawa, in dai ba a sauya masa ƙira ba, ko da yake wajibi ne mai shi ya riƙe shi cikin lafiya. Wannan rangwame na ƙarshe bai dace da Nijeriya ba, domin a can tsohon babur abin marmari ne da ake fitarwa jefi-jefi, a nan kuwa jakin gida ne mai ɗaukar mutum biyu da buhun masara. Amma sauran tsarin abin ɗauka ne.

A nan gida matsalar iri biyu ce. Ta farko, sanin kowa ne cewa a wurare da yawa ana biyan kuɗi a karɓi takarda ba tare da kowa ya taɓa birkin abin hawa ba. Wannan ne ya sa Gwamnatin Jihar Ikko ta ce daga Janairu 2022 ba mai samun takardar sai ya kai motarsa an duba. Ta biyu, a kan titi ake kama mai tsohon babur, don kawai fentinsa ya koɗe, alhali sabon da ba shi da fitilar baya ya wuce abinsa. A watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa ma'aikatan V.I.O. na birnin ba su da ikon tsare abin hawa a hanya, ko ƙwace shi, ko cin tara. Darasin da ke ciki shi ne aikin duba a ma'aikata ake yinsa, da awo da natsuwa.

Saboda haka ana kira ga gwamnatocin jihohi su yi abu huɗu. Su buga jerin abubuwan da ake dubawa a jikin babur, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a manna a tasha da gareji, a kuma karanta a rediyo. Su sa kuɗi kaɗan wanda bai fi ƙarfin talaka ba, da rasiɗi. Wanda baburinsa ya faɗi a ba shi takardar abin da ya lalace da wa'adin gyara, ya dawo a sake dubawa ba tare da sabon biya ba. Sannan a riƙa tura masu duba ƙananan hukumomi ranar kasuwa, maimakon a ce mutumin ƙauye ya tafi babban birni. Haka kuma hukumar SON ta matsa wa masu shigo da jabun taya da takalmin birki, don su ne ke mayar da gyaran talaka aikin banza.

Su ma masu babura da nasu nauyin. Kwan fitila da wayar birki ba su kai kuɗin ɗori ba, balle rai. Wanda ke tafiya da dare ba fitila, ya sani babbar mota ba ta tambayar shekarun babur. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai an adana ta. Mai babur ya gyara kayansa, hukuma kuma ta duba da gaskiya. Allah ya kiyaye hanya, amin.