Ra'ayinmu: Saƙon "Dakata Kaɗan" Ya Riƙa Faɗin Gaskiya

Daga shagunan Jos Jarawa zuwa rumfunan kayan gwari na Farin Gada, ciniki yanzu yakan ƙare da mutum biyu sun zuba wa waya ido. Ɗan zobe na ta juyawa a allo, rubutu ya ce a dakata. Mai saye ya ce an cire masa, mai kaya ya ce alat bai shigo ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 wannan tsayuwa ta zama ruwan dare.

Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi suna da hujjarsu. Kuɗin da zai tashi daga wani banki zuwa wani yakan bi ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, a tantance asusu da sunan mai shi, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu ake hana dukiya faɗawa hannun da ba nata ba. Ƙarfin sabis ma ba a hannunsu yake ba. Saƙon jira dai ya fi allon da ya yi shiru.

Sai dai haƙurin mai waya yana da iyaka. Tun 1993 masani Jakob Nielsen ya bayyana cewa in jira ya haura daƙiƙa goma, hankalin mutum yakan bar abin da yake yi. Mai karanta labarai zai rufe shafin ya wuce. Wanda kuɗinsa ya maƙale a hanya ba shi da wannan zaɓi: ko ya sake latsawa a cire masa sau biyu, ko ya ajiye kayan ya tafi ana kallonsa da zargi. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 don mayar da kuɗin POS da ya maƙale, amma kwana uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai tumatur da ke juya jarinta kullum.

Mun auna, kuma a ganinmu ɗan jinkiri abin yafewa ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne saƙon da ba ya faɗin komai. Wajibi ne manhaja ta bayyana ko kuɗi ya fita, ta gargaɗi mutum kada ya sake turawa, ta faɗi lokacin da zai dawo idan ya maƙale, cikin Hausa da sauran harsunan da abokan hulɗa ke ji. Ya kamata Babban Banki ya sanya wannan cikin sharuɗɗan lasisi.