A BUƊE WA JAMA'A BAKIN KOGIN ISA

Kogin Isa yana ratsa ƙasar Nijar tsawon kilomita wajen 550, daga iyakar Mali zuwa iyakar Nijeriya. Yana bi ta Ayoru, da Tilaberi, da Yamai, da Gaya. Amma mutumin Maraɗi ko na Damagaram da ya zo babban birni, yawanci daga bisa gadar Kennedy kawai yake hangen ruwan. In ya so shiga kwalekwale, sai ya rasa wurin sauka: nan garka ce mai shinge, can otel ne, gaba kuma juji.

Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta keɓe fili a bakin kogi, ko a Yantala ko a Gamkalle. A dasa itatuwa, a gina kwata inda kowane ɗan ƙasa zai iya tura kwalekwale cikin ruwa.

Wannan ba zancen shaƙatawa kaɗai ba ne. Kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili ba ya shan mai, ba ya ƙara, kuma tafiyarsa sannu ce. Mai tuƙa shi da sanyin safiya yana ganin abin da mai mota ba ya gani: rairayin da ke cika kogi, da kainuwar da ke toshe mashigai, da ƙazantar da magudanan birni ke zubarwa. Wanda ya ga haka da idonsa ya fi saurin gane dalilin da ya sa ake hana zubar da shara a gaɓa.

Kogin kuwa ya riga ya yi gargaɗi. A shekarar 1985 ruwansa ya daina gudu a Yamai. A shekarar 2020 ya yi ambaliya, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa. Hukumar kogin Isa, wadda aka kafa a 1980, tana haɗa ƙasashe 9, kuma mazauninta a Yamai yake. Amma tarurrukan manya ba su isa ba, muddin talakawa ba su san koginsu ba.

Wasu za su ce ruwa yana da haɗari. Gaskiya ne. A watannin Agusta da Satumba, jan ruwan damina da ƙoramu irin su Sirba ke kawowa daga wajen Burkina Faso yana tasowa da gaggawa. Akwai dorina kuma. Amma ruwan Gine, wanda fadamun Mali ke tsarewa watanni, ba ya cika kogin a Yamai sai lokacin ɗari, kuma sannu sannu yake hawa. Masunta sun san waɗannan lokuta sarai.

Ko yau mutane suna shiga ruwa, ba mai duba su. Kwata ta hukuma ita ce za ta kawo doka: kowa ya sa rigar ceto, a ƙayyade yawan masu shiga kwalekwale ɗaya, a hana fita bayan magariba, a rufe wurin lokacin jan ruwa. A ɗauki Sarkawa aiki da albashi, su koya wa yaran makaranta riƙon filafili da sanin halin ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Fili da itatuwa da ƴan rigunan ceto ba su fi ƙarfin kasafin birni ba. Saura a yanke shawara, tun kafin shingaye su rufe sauran gaɓar.