Wasiƙa Ga Malamai 'Yan Sa Kai a Sansanonin Hutun Yara na Ƙasashen Waje

Ya ku 'ya'yana,

Yabo tukuna, don kun cancanta. Matashin da ya sadaukar da dogon hutunsa, ya haɗa kuɗin jirgi da guminsa, ya je wata ƙasa yana kwana a tanti yana koyar da 'ya'yan mutane ba albashi, ya yi abin kirki. Allah ya saka da alheri. Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wayar da ke hannunku.

Yaro na durƙushe a kan tabarma, fensir a baki, yana fama da harafin da ya ƙi zauna masa. Malaminsa na tsaye a kansa, amma maimakon ya duba takardar, ya ɗaga waya yana neman inda haske ya fi faɗowa a fuskar yaron. Kafin la'asar hoton ya hau Instagram, yagaggiyar rigar ta fito fes, ana ta yi wa malam sambarka. Wa aka tambaya? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 16, ta hana kutsawa cikin sirrin yaro da taɓa mutuncinsa, kuma ba ta ware ɗan talaka ba. Mu kuwa bai kamata a tuna mana zafin wannan ba, don an taɓa yi mana. A watan Oktoban 1961 wata 'yar sa kai ta ƙungiyar Peace Corps ta rubuta wa wani a Amurka kati daga Ibadan, tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Kati ɗaya ke nan, zuwa ga mutum ɗaya. Ku kuma kullum kuna aika wa dubbai, har da fuskar yaro a jiki.

Za ku ce da hoto ake samun masu ba da gudummawa, sansani kuma ba ya tafiya da iska. Gaskiya ne. To wannan aikin shugabannin sansani ne, su da suka san iyaye, suka san yaron da bai kamata a san inda yake ba. Shafinku na kanku ba ya ciyar da kowa. Za ku ce iyaye sun sa hannu a takarda. Uban da aka ba ɗansa gurbi kyauta, aka miƙo masa takarda da harshen da bai iya karantawa ba, yaya zai ce a'a? Za ku ce yaran ne da kansu suke rububin a ɗauke su. Suna rububin alewa ma, amma babba ne ke sanin iyaka.

Ku dubi magabata. Janusz Korczak, likitan yara na birnin Warsaw, a irin waɗannan sansanoni na hutu ya fara koyon renon yara a farkon ƙarni na 20, bai kuma ɓoye irin tuntuɓen da rashin gogewa ya jawo masa ba. Daga baya ya rubuta littafi sukutum a kan haƙƙin yaro na a girmama shi, a 1942 kuma ya bi marayun da yake riƙo zuwa sansanin kisa na Treblinka. Wani masani mai suna Ivan Illich ya fi shi kaushin harshe: a 1968 ya shaida wa ɗaliban Amurka masu zuwa ƙauyukan Meziko cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, gara su je kallo da neman ilimi da su je da sunan taimako. Ban kai nan ba, ina so ku je. Amma a da, da ɗalibansa ake sanin malami, a ce wane almajirin wane ne. Yau an wayi gari malami ya dawo da hotuna ɗari uku, bai riƙe sunan yara goma ba. Wannan abin kunya ne, kuma cin amana ne!

Ku gafarce ni, zafin abin ne. Akwai wani laifin da ke tafiya tare da wannan, wato alkawarin ranar rabuwa. Ana kuka, ana rungume-rungume, sai malam ya ce zai dawo baɗi, zai aiko da waya, alhali ya san da wuya. Shi ma daga tushe ɗaya yake da hoton: ana so a ji daɗin zama gwarzo a idon yaro. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mako huɗu ko shida za ku yi, malamin garin shi ne zai ci gaba da fama da yaron har shekara ta zagayo. Saboda haka tun ranar farko ku gaya wa yara ranar tafiyarku, ku koyi gaisuwa da harshensu, ku tambayi malamin garin abin da yake so a ƙarfafa. A daren ƙarshe ku zauna ku rubuta masa inda kowane yaro ya tsaya: wannan ya iya haɗa baƙi, wancan ba ya ganin allo daga baya, a matso da shi gaba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malami