Libarbar Gado: Farashin Kasuwar Waje Ba Kuɗin Hannu Ba Ne

A duk lokacin da aka zo rabon gado, akan sami kadarar da ke gagarar masu ƙimantawa. Gida da gona da shanu suna da dillalai da farashin da kowa ya sani. Amma idan aka buɗe akwatin mamaci aka tarar da tsohuwar libarba, sai lissafi ya rikice, musamman in wani daga cikin magada ya ji labarin irin kuɗin da ake zubawa kan tsofaffin bindigogi a ƙasashen Turai da Amurka.

Labarin ba ƙarya ba ne. A shekarar 2018 an sayar da wata libarba ƙirar Colt Walker ta 1847 a wani gwanjo a Amurka kan dala miliyan 1.84. A 2021 kuma kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da libarbar da Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita kan fiye da dala miliyan 6. Sai dai ɗan kasuwa mai hankali zai tambayi abin da aka saya da wannan kuɗi, domin ba ƙarfe aka saya ba.

Abu na farko shi ne ƙaranci. Colt Walker guda 1,100 kacal aka ƙera, kuma kaɗan ne suka saura. Ita kuwa Webley, wadda sojan Ingila suka fara ɗauka a 1887, kuma hafsoshin Turawa suka riƙa ratayawa a rundunar sojan Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897, an ƙera ta dubu ɗaruruwa, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Abin da ya yi yawa a kasuwa ba ya tsada, komai tsufansa.

Na biyu shi ne lafiyar kayan. Masu tara irin waɗannan makamai suna duba ko lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta sauran sassanta, da kuma yawan launin asali da ya saura. A nan ne magada kan yi wa kansu asara, su kai ta wurin maƙeri a kankare tsatsa a goge ta tana ƙyalli. Wannan gyara rage mata daraja yake yi.

Na uku shi ne shaidar asali. Bindigar Garrett ta kai wancan farashi ne saboda akwai takardun da suka tabbatar da hannun da ta biyo. Cewa kaka ya samo ta a wurin wani Bature labari ne na cikin gida, kuma mai saye ba ya biyan kuɗin labarin da babu takarda a bayansa.

Duk da haka, babban ma'auni shi ne doka, domin kadara ba ta da farashi sai inda aka halatta cinikinta. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wannan ya sa kasuwarsu take a buɗe. A Nijeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin jerin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Lasisin mamaci kuma ba ya cikin abin da ake gada. Saboda haka wanda ya ɗauki libarbar ya fita neman mai saye a ɓoye, laifi ya ɗaukar wa kansa, kuma mai yiwuwa ya miƙa makami ga ɓata-gari a lokacin da ƙasa ke fama da matsalar tsaro.

Wannan ya sa kuskure ne masu rabon gado su rubuta farashin gwanjon Amurka a lissafinsu, su ɗora wa magaji guda a matsayin kasonsa. Yin haka cutar da shi ne, don an ba shi abin da ba zai iya mayarwa kuɗi ba, sauran kuma sun tafi da gida da gona.

Hanyar da ta dace ita ce a cire libarbar daga lissafin dukiyar da za a raba, a ɗauki hotonta da lambarta, a tattara duk wata takardar aikin soja ko lasisi da mamacin ya bari, sannan a sanar da 'yan sanda ta hannun lauya. Idan tana da tarihin da ya cancanci adanawa, iyalan na iya tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, inda za a ajiye ta da sunan mahaifinsu.