Idan Ɗanki Ya Faɗi JAMB

Uwargida, kin taɓa kallon Chhichhore, fim ɗin Indiya na 2019? Barkwanci ne kan ɗaliban kwaleji da aka raina, suka dage a gasar wasanni. Sun sha kaye a ƙarshe, amma ba su karaya ba. Uba ne ke ba ɗansa wannan labari a asibiti, bayan yaron ya faɗi jarrabawa ya nemi hallaka kansa.

Mu ma nan Unguwar Gai, sakamakon JAMB yana shigowa gidajenmu duk shekara. In na ɗanki bai yi kyau ba, ajiye gorin "dubi ɗan wance". Zaunar da shi ki ba shi labarin taki faɗuwar.

Amma ki fara kallon fim ɗin ke kaɗai, akwai rahar manya a ciki.